Dalilin da Ba Mu da Hoton Kakarku

Tsakiyar damina ce, lokacin da kaya ke kwana a igiya su wuni ba su bushe ba, a shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa. Duk wanda ya yi wannan shekara a wajenmu ba zai manta warin gonaki ba. Ganye ya fara rawaya daga baki kamar wuta ta lasa, in ka tona gindin ka latsa sai yatsa ya nutse kamar a dafaffen kabewa. Mutane suka rage magana. Ko a majami'a waƙa ba ta tashi yadda ta saba, mu 'yan zumuntar mata muna buga tulu amma hannu ba ƙarfi. Abin da yake ba ni mamaki har yau shi ne, a cikin wannan shekara mai ɗaci Ubangiji ya ga dama ya buɗe mini ido, ina da furfura, ina da jikoki.

'Ya'yana, tambayarku ce ta zaunar da ni rubutu. Hannatu ce ta fito da ita fili, ranar da ɗanta ya tambaye ta kamannin Kaka ta rasa abin da za ta nuna masa.

"Mama, ke da kike yawo da kyamara har awakin mutane kina ɗauka, a ce babu hoton uwar da ta haife ki?"

Na san kun ji yadda kawunku Bitrus yake ba da labarin, cewa sakacina ne, ko taurin kai. Ban amsa ba a lokacin, ni ba mai saurin baki ba ce. Hannuna ma haka yake, a ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe biro bayan na yaye autanku. To ku yi haƙuri in bi a hankali, in fara daga yadda kyamara ta shigo hannuna.

Da cutar ta yi yawa, malaman gona suka zo suka ce duk mai waya ya ɗauki hoton cittarsa a tura musu, ko a gane abin. Muka ɗauka kuwa. Wata ta ɗauko babban yatsanta, wata ta ɗauko ƙafarta da silifa, ni kuma na ɗauko sama fari fat. Wanda ya ga hotunan ya yi dariya har ya zauna a ƙasa shi ne Baban Chinedu. Ibo ne, amma a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan aka yanke cibiyarsa. Ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya, ya dawo garinmu domin 'yar garinmu ya aura. Shi ya sa duk matan gari muke ce masa mijinmu, shi kuma yana ce mana matansa. Yana da wata baƙar kyamara da ɗansa ya aiko masa, mai ƙaramin gilashi a baya inda kake ganin abin da ka ɗauka. Ya ce mu same shi ranar Asabar a firamare ya nuna mana yadda ake yi. Muka je, galibi mata, da wasu maza da gonarsu ta ƙare suka rasa abin yi. Har Hajiya Rabi ta zo, mai sayen citta wadda kakanninta suka daɗe a kasuwar Kafanchan. Ta ce tunda babu abin awo, gara ta zo ta kalli abin da zai hana ta hawan jini. Muka tura hotunan citta, abin da ya same su can ban sani ba. Amma da Asabar ta zagayo sai ga mu mun sake haɗuwa, ba wanda ya kira wani. Haka ƙungiyar ta fara. Mun ba ta suna mai kyau, Zumuntar Masu Hoto, amma mutanen gari ba su taɓa kiranmu da shi ba. 'Yan tsaya-kar-ka-motsa suke ce mana.

Da muka fara zaman gaske, Baban Chinedu bai bar kowa ya taɓa kyamarar ba. Ya ajiye ta a kan teburin malami ya ɗora hularsa a kai.

"Matana, ido ne ke ɗaukar hoto. Wannan akwati dako kawai yake yi. Ku je gida, kowace ta nemo mini inda haske yake zama a gidanta."

Na koma ina cewa a raina, haske kuma yana da wurin zama? Da safe ina hura wuta a madafa, itace jiƙaƙƙe, hayaƙi ya cika ɗakin. Sai rana ta leƙo daga cikin hadari ta shigo ta hujojin kwanon rufi, waɗanda na yi ta yi wa babanku mita a kansu har ya rasu bai toshe ba. Hasken ya sauko cikin hayaƙin a miƙe, sanda-sanda, kamar an kafa ginshiƙai daga rufi zuwa ƙasa, hayaƙin yana juyawa a cikinsu a hankali. Na tsaya da muciya a hannu. Tun ina amarya nake girki a ɗakin nan, ashe duk safiyar Allah haka yake, ni ce ban ɗaga kai ba. Kunu ya kama a tukunya ranar, ban ma ji haushi ba.

Kyamarar ɗaya ce, sai muka riƙa juya ta kamar adashi, wannan mako tana gidan wannan, mako mai zuwa tana gidan waccan, sauran su yi da waya. Kowace Asabar a fitar da abin da za a nema: wani mako ruwa, wani mako ƙofa, wani mako abin da ya girme ka. Mun taɓa cika keke mai ƙafa uku muka je inda ruwa ke zubowa daga kan dutse kusa da Kafanchan, muka tsaya feshi yana jiƙa mana ɗankwali, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarmu. Hajiya Rabi tana ta tasbihi, ni ina rera zabura a ciki, ba wadda ta tuna ta danna komai sai da Baban Chinedu ya ce kuɗin keke muka zo wankewa ke nan. Hotunan da suka fi kyau mukan kai wani shago a Kafanchan a wanko, mu rataye a igiya cikin aji da abin maƙale wanki, mu zauna a bencin yara gwiwa har ƙirji muna kallo. A can na ga fuskar maƙwabciyata Talatu a takarda, matar da muke ɗiban ruwa tare tun muna amare, na ga ashe idonta ɗaya ya fi ɗayan dariya.

Doka ɗaya muke da ita, kuskure ne kuma ya haife ta. Wani daga cikinmu ya ɗauki wani dattijo da ya sha burkutu ya kwanta a gindin mangwaro baki buɗe, hoton ya bi wayoyi har ya kai wajen 'ya'yansa a Abuja. Dattijon ya daina fita kasuwa. Muka je gaba ɗaya muka durƙusa muka ba shi haƙuri, daga nan muka yanke magana: hoton mutum nasa ne. Ba a ɗauka sai ya yarda. In an wanko, shi za a fara miƙa wa. Ya ce a rataye, a rataye. Ya ce a goge, a goge, daga takarda har cikin kyamara, kuma ba sai ya faɗi dalili ba.

Yanzu in zo kan kakarku. Kun san yadda muke biso a nan. Kafin a fito da gawa daga mutuware an riga an buga fosta an manna a mararraba, an buga riguna da fuskar mamaci a ƙirji, takardar tsarin sujada ma da hotonsa a gaba. Gidan da ya binne tsoho ba hoto, sai a ce 'ya'yan ba su kula da shi ba. Tsofaffi kuma sun gane wannan sarai. In ɗa ya zo daga birni ya ce Baba sa babbar riga in ɗauke ka, tsoho ya san na fosta ake nema, sai ciki ya fara yi masa ciwo ya shige ɗaki. Kakarku ta fi kowa. Ko a bikin aure aka ɗaga waya sai ta ja ɗankwali ta rufe fuska, ta juya baya. Katin zaɓe ma ba ta yi ba saboda haka. Duk mun ɗauka tsoron mutuwa ne, har muna yi mata ba'a da shi.

A wannan daminar ƙafafunta suka fara kumbura, na ɗauko ta ta dawo gidana. Ba a jima ba Yaya Bitrus ya kira daga Kaduna.

"Rifkatu, na ji an ce yanzu ke ce mai hoton gari."

"Koyo muke yi, Yaya."

"To ki koya a kan Mama. Kin ga yadda jikinta yake. Ba fata nake yi ba, amma in abin ya zo me za mu sa a fosta, hoton kujerarta?"

"Ba ta yarda ba ne."

"Wa ya ce ki tambaye ta? Kullum tana gyangyaɗi a rana. Ki danna kawai, masu kwamfuta za su buɗe mata ido."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Yayana ne, shi ya tsaya mana bayan Baba, shi ya riƙe ɗan'uwanku Ishaku a Kaduna har ya gama makaranta. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ni ma ina so. Ba don fosta ba. Ina so in ta tafi in sami abin da zan duba. Na kai maganar gaban 'yan ƙungiya, Hajiya Rabi ta riga kowa.

"Maman Ishaku, uwarki ce fa, ba baƙuwa ba. Hoto ɗaya ne zai zama sata? Allah ya jiƙan tawa, ni yanzu ko hancinta sai na rufe ido nake tunawa, shi ma wani lokaci ya ƙi zuwa."

Baban Chinedu ya sosa ƙeya.

"Hajiya, dokar da ke tsayawa a ƙofar gida ba ta shiga ciki, ai maigadi ce." Ya juyo wajena ya miƙo mini kyamarar. "Matata, makonki ne. Ba wanda zai bi ki gida."

Damina ta kusa ƙarewa a lokacin. Wata safiya ruwa ya ɗauke, gari ya yi tsaf kamar an wanke shi. Kakarku tana zaune a 'yar kujerarta jikin bango tana ɓarar gyaɗa, barci ya ɗauke ta da faifai a cinya. Rana ta zo mata ta gefe, daidai yadda aka koya mana mu nema. Na ɗauko kyamara na tsaya a bakin madafa na ɗaga. 'Ya'yana, ban taɓa ganin abu kamar wannan ba. Tsagen kumatunta, waɗanda na ɗauka sun ɓace cikin tsufa, kowane ya fito da 'yar inuwarsa. Furfurar da ta leƙo daga ɗankwali tana ƙyalli kamar zaren gizo da raɓa. Hannunta yana kan gyaɗar a buɗe. Na ga macen da ta goya ni, na kuma ga wata da ban sani ba, wadda ta yi rayuwa mai tsawo kafin a san za a yi ni. Yatsana yana kan inda ake dannawa. Ya daɗe a wurin. Sai na ga ba zan iya miƙa mata wannan hoton in ce ga naki ba, sai dai in ɓoye shi har ta mutu. Na sauke hannu.

Ba ta buɗe ido ba, amma ta yi magana. Da yarenmu take yi, ni ce nake juya muku.

"Kin gama?"

"Ban ɗauka ba, Mama."

"Na sani. Abin yana ƙara in ya ɗauka. Na san ƙararsa tun kafin a haife ki. Zo ki taya ni ɓara."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Muka ɓare gyaɗa har na ɗauka maganar ta wuce, sannan ta fara.

"Ina budurwa, an kusa aurena, babana ya sayar da citta ya saya mini zane. Shi ne zanena na fari. Iyayenmu mata ganye suke ɗaurawa, mu ne muka fara zane. Shuɗi ne, da fararen tsuntsaye. Muka tafi Kafanchan da ƙafa, ni da ƙawayena, ba don komai ba sai don mu ga jirgi, jirgi ma ya gan mu. A tasha wani Bature ya sauko da akwati mai ƙafa uku, da tafinta, da ɗan doka a bayansu. Ya nuna mu. Muka yi murna, muka jeru, na gyara ɗaurina. Sai tafintan ya ce ba haka Bature yake so ba. Mu ajiye zane. Aka aiki wani ya karyo ganye a bakin rafi. A lokacin ba a ce wa Bature a'a. Muka tsaya a gaban mutanen tasha, na cikin jirgi suna leƙowa ta taga suna dariya, suna kiranmu da sunan rainin nan da suke kiranmu da shi. Abin ya yi ƙara. Baturen ya naɗe kayansa ya shiga jirgi ya tafi da ni a cikin akwatinsa."

Ta hure ƙaiƙayi daga faifan.

"Ganye ba abin kunya ba ne. Uwata da shi ta tsufa, kuma ba macen da ta fi ta mutunci a garin nan. Amma ranar ba shi na sa ba. Zane na sa. Har yau ina wani gida a ƙasarsu a tsaye, ba wanda ya san sunana. Ku kuma kuna cewa mutuwa nake tsoro. Ni da na binne miji na binne 'ya'ya, mutuwa baƙuwata ce?"

Na tsufa ina 'yarta ban taɓa jin wannan ba. Ta ce kada in faɗa wa Bitrus, namiji ne, zai ɗauki abin a ƙirji ya rasa wanda zai mara. Ta ce in jikoki suka tambaya wata rana da kansu, to in faɗa. Ga shi kun tambaya, ni aka hana faɗa masa ba ku ba, ku kai masa ya karanta. Ranar na yi mata bayanin dokarmu, cewa a wajenmu hoton mutum nasa ne. Ta taɓe baki.

"Tafintan ma baki gare shi."

Da lokacin kaka ya yi, bayan godiyar amfanin gona a majami'a, wadda ba ta yi armashi ba a shekarar, muka ce bari mu nuna wa gari abin da muke yi, ko zuciya ta ɗan sarara. Muka ja igiyoyi a filin firamare daga bishiya zuwa bishiya. Ina shiri sai kakarku ta ce a nemo mata okada, za ta je ta ga 'yan tsaya-kar-ka-motsa. Muka zaunar da ita a inuwa. Kafin a rataye hoton kowane mutum sai a kira shi a miƙa masa a hannu. Wasu suna dariya, wasu suna rufe baki, wata ta rungume nata ta ce ba za a rataye ba, gida za ta kai. Aka kira Baba Dogo mai gyaran keke. Ya duba nasa, ya nisanta shi, ya kusanto da shi.

"Wannan bakin na akuya ne, ba nawa ba."

Ya yaga shi biyu, ya sake yagawa, ya zuba a aljihu. Hajiya Rabi ce ta ɗauki hoton, ta kuma sha wahala a kansa. Baban Chinedu ya kawo kyamara ya nuna wa Baba Dogo hoton a gilashi, ya goge a gaban idonsa. Aka kira na gaba. Kakarku ta yafito ni da hannu.

"Ya yaga, ba wanda ya mare shi?"

"Nasa ne, Mama."

"Na cikin akwatin fa?"

"An goge."

"Ya tafi ina?"

"Ba inda ya tafi. Babu shi kuma."

Muka koma gida. Ba ta yi maganar ba a makon nan, ba ta yi ba a na bayansa. Sai da kyamara ta sake zagayowa gidana, wata safiya ta ce in jawo akwatinta na ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta fito da zanen zumuntar mata, wanda take ajiyewa don manyan ranaku. Ta ɗaura. Ta ɗora wani a kai, ta yafa wani a kafaɗa. Ta sa na ɗaura mata ɗankwali na kwance na sake ɗaurawa har ya yi mata. Takalminta bai shiga kumburarriyar ƙafa ba, ta ce a ajiye shi a gabanta yadda za a gan shi. Ita ta zaɓi wurin, ƙofar rumbu. Ta ƙi kujera, ta dafa sanda ta miƙe.

"Daga kai har ƙafa. Zanen ya fito."

Na ja da baya na ɗaga kyamara. Ta dubi cikin kyamarar kai tsaye, ba ta ƙifta ba. Abin ya yi ƙara. Na ga kafaɗarta ta ɗan motsa, amma ba ta kau da kai ba.

"Ɗaya ya isa," in ji ta.

Tunda ba za ku gan shi ba, bari in faɗa muku. Tana tsaye, ta fi yadda kuka san ta tsawo. Haɓarta a sama. Ba murmushi take yi ba, amma bakinta yana kamar na wadda ta ci ciniki ba ta so mai kaya ya gane. Rana tana kan rabin fuskarta, tsagen ya fito sarai. Bayan ta jan bangon rumbu, a gefe wata kaza ta sa kai cikin hoton. Idanun ne ban san yadda zan rubuta ba. Duk inda ka tsaya suna kanka. Na yi shekaru kaɗan ina wannan abu, na ɗauki ruwa da duwatsu da amare, amma ban taɓa ɗaukar kamarsa ba, na kuma san ba zan sake ba.

Na kai Kafanchan aka wanko babba, na kawo mata a ambulan. Ta goge hannu a zane kafin ta karɓa. Ta daɗe tana kallo. Ta bi fuskar da yatsa, ta sauko kan zanen ta shafa kamar za ta ji laushinsa.

"Ashe haka na zama." Ta yi 'yar dariya. "Zanen ya fito. Wannan nawa ne?"

"Naki ne, Mama."

"To na cikin akwatin, ki goge. Wannan kuma in na tafi ki sa mini shi a ƙirji, ƙarƙashin zane. Ɗaya ya tafi ba da izinina ba. Wannan ni zan tafi da shi."

Na ji kamar an zare mini kujera. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ɗauka in ta yarda aka ɗauka, shi ke nan mun samu.

"Mama, jikoki fa?"

"Jikoki su duba fuskarki. A kasuwa kika sayo ta?"

Da yamma na kira Yaya, domin bai kamata ya ji a bakin wani ba. Da ya ji an ɗauka sai ya hau godiya ga Allah, ya ce in turo masa yanzu-yanzu. Na ce ta ce a goge.

"To ki turo sannan ki goge. Wa zai sani?"

"Ni, Yaya."

"Rifkatu, dokar ƙungiyar wasa ce ta fi yayanki? Ranar biso ke za ki tsaya a mararraba ki yi wa mutane bayani?"

Abin da zai sa ya gane an hana ni faɗa. Ya kashe waya. Sauran kun gani da idonku. Ta rasu da ruwan fari na shekarar da ta biyo baya. Fostarta suna ne kawai da gicciye. Mutane sun yi magana yadda Yaya ya ce za su yi, har wata ta ce a kunnena 'ya mai hoto ce ta binne uwa kamar marar gata. Yaya bai ci abinci a gidana ba a kwanakin bison, har yau gaisuwarmu gajera ce, kuma ina jin zafinta duk Kirsimeti. Bai yi laifi ba, uwarsa yake so ya ɗaukaka yadda ya sani. Da mu mata muka shirya ta, ni na ɗaga zanen na sa mata hoton a ƙirji. Ba wanda ya gani sai Talatu.

Amma in koma ranar da ta ce a goge. Washegari da safe na ɗauki kyamarar na fita bayan gida inda ba kowa. Na buɗe hoton, na kalle shi har ƙaramin gilashin ya mutu da kansa, na sake kunnawa. Na danna inda aka koya mana. Kyamarar takan tambaya ko ka tabbata, na danna na biyu. Sai na tuna ba a nan kaɗai yake ba, domin a shago sukan juye hoto cikin kwamfuta kafin su wanke. Na yafa gyale na hau okada zuwa Kafanchan, na iske mai shagon tana share ƙofa. Ta gane ni nan da nan.

"Mama mai hoton tsohuwa. Dama ina nemanki. Ki bar ni in wanko babba in sa a gilashin gaba, kowa ya gani sai ya tsaya."

"Goge shi, 'yata."

"In goge? Kwata-kwata? Mama, ko kuna da wani a gida?"

"Mai shi tana da nata."

Ta dube ni, ta dubi hoton, ta goge. Na ce an gaya mini kwamfuta tana da kwandon shara a ciki, a zubar da shi ma. Na tsaya a kanta har ta nuna mini wurin wayam. Na yi mata godiya na koma gida.

Na iske kakarku a jikin bango, rana ta zo mata ta gefe. Ba ta tambaye ni inda na je ba. Na jawo kujera na zauna a gabanta, kusa sosai, ina kallon fuskarta, daga goshi zuwa kumatu zuwa haɓa, in kai ƙarshe in sake farawa. Ta bar ni. Na daɗe a haka, har sai da ta ce in tashi, kaji sun shiga shanya.